Taswirar duniya ba ta ganin kambo

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mu tofa albarkacin bakinmu kan wasu taswirori da suka zama ruwan dare a shafukan jaridu da cikin wayoyin mutane. Za ka ga an kawo duniya an shafa mata launi, ja inda jama'a ta yi yawa, sannan a ajiye ta biyu a gefe, ja inda aka ce muhalli ya lalace. Mai kallo sai ya haɗa biyun a ransa ya yanke hukunci: haihuwa ce ta cinye daji, talakan ƙauye ne ya jawo hamada. Mu da sana'armu ita ce safiyo da awon gona a nan Sudan muna ganin an yi gaggawa. Taswirorin ba ƙarya ba ne, masana ne suka yi su, mu ma da su muke aiki. Amma ƙiyasi ne aka ɗora a kan ƙiyasi, kuma inda suka fi zamewa shi ne daidai irin wuraren da Hausawa suke zaune, daga Mai Wurno zuwa Gadarif, daga Kasala zuwa kambo, wato matsugunin ma'aikatan gona a gonakin Jazira.

Babu tauraron ɗan'adam da yake ƙirga kawuna. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mun cika biliyan 8 ranar 15 ga Nuwamba 2022, lissafi ne da aka tattaro daga ƙidayar ƙasashe, aka ƙara haihuwa, aka cire mutuwa. Mai yin taswira yakan ɗauki adadin da ƙidaya ta ba kowace gunduma, ya yanka ƙasar gurbi-gurbi kamar filin dara, ya raba mutanen cikin guraben. Wadda jami'ar Kolombiya ta Amurka take fitarwa, mai suna GPW, gurbinta kusan kilomita ɗaya ne kowane gefe, kuma raba-daidai take yi. Idan gunduma tana da mutum 200,000 da fili murabba'in kilomita 10,000, kowane gurbi ya tashi da mutum 20, ko da kan dutse ne ko tsakiyar rairayi. WorldPop ta jami'ar Southampton a Ingila tana saukowa zuwa mita 100, tana duba titi da gini da gona da hasken dare, ta ba wani gurbi kaso mai tsoka ta rage wa wani. Ita kuwa LandScan matsakaicin inda mutum yake cikin awa 24 take nunawa, shi ya sa kasuwa takan fito cike da jama'a alhali ba mai kwana a can. Sai ka tambayi ukun mutum nawa ne a ƙauye ɗaya, kowace ta ba ka amsa dabam.

Duk ukun kuma daga rijiya ɗaya suke ɗiba, wato ƙidaya. Sudan ta yi ƙidaya a 1955 zuwa 1956, da 1973, da 1983, da 1993, sai ta ƙarshe daga 22 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu 2008. Ta ba da mutum miliyan 39 da ɗoriya har da Sudan ta Kudu, arewa kaɗai kimanin miliyan 30.9. Kudu ta ɓalle a 2011. Tun daga nan duk adadin da ka ji hasashe ne. Ga yadda ƙaramin bambanci yake girma. Ka ɗauki miliyan 30.9 ka ce jama'a na ƙaruwa da kashi 2.4 cikin 100 a shekara, bayan shekara 17 za ka samu miliyan 46 da ɗoriya. Ka ce kashi 2.8 ne, za ka samu miliyan 49 da ɗoriya. Fiye da mutum miliyan uku ke nan suka bayyana ko suka ɓace a bakin alƙalami. Nijeriya ma a wannan hali take, domin rabonta da ƙidaya tun 2006. Saudiyya ta yi tata a 2022, ta samu miliyan 32.2, saboda haka taswirar Jidda tana tsaye kan sabon tubali, ta Sinnar kuwa kan tsoho, amma a takarda launinsu ɗaya, ba abin da zai nuna wa mai karatu bambancin.

Sannan ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. Taswirar da aka gina kan 2008 ba ta san an fita daga Hartum da Madani ba, ba ta san makarantun Gadarif da Kasala da Bur Sudan sun koma masauki ba, ba ta kuma san wa ya koma gida ba. Ko a lokacin zaman lafiya ma jama'ar nan ba a wuri ɗaya suke shekara ba. Gonakin Gadarif sukan cika da 'yan ƙwadago lokacin yankan riɗi a Oktoba da girbin dawa a Disamba da Janairu. Makiyaya sukan haura Butana da damina su gangaro kudu da rani. Ƙidayar da aka yi a ƙarshen Afrilu ta kama kowa a inda rani ya ajiye shi.

Inda abin ya fi ban takaici shi ne wajen gane gida daga sama. Kwamfuta ake koya wa, a nuna mata dubban hotunan rufi har ta iya zaƙulo su da kanta. Rufin kwano yana ƙyalli, yana da kusurwa huɗu, ba ya ɓuya. To yanzu kalli gidan manomi guda a gaɓar Shuɗin Nilu kamar yadda tsuntsu yake ganinsa. Akwai soro biyu masu rufin ƙasa, launinsu da na tsakar gida ɗaya, inuwarsu ce kaɗai take tona su. Akwai ɗakin jinka, wanda a nan ake ce wa gutiyya, daga sama kamar tarin kara. Akwai rumfa, wato rakuba, da rumbu, da madafa, da turken awaki a ƙarƙashin dalbejiyar da ta rufe rabin gidan. Kwamfuta tana iya tsallake sororin biyu da mutum 12 suke kwana a ciki, ta ƙirga rumbu da rumfa a matsayin gidaje biyu. Kuskuren yana iya zuwa ta kowane gefe, amma a ƙauyen ƙasa da jinka ragi ya fi yawa. Hasken dare ma haka. Na'urar VIIRS da take shawagi tun 2011 tana ganin fitilar titi da wutar iskar gas da ake ƙonawa a rijiyar mai, ba ta ganin tocila da acibalbal. Garin da ba lantarki sai ya fito baƙi kamar fako.

Sai kambo, jam'insa kanabi. Wanda ba ya zaune a Sudan ba lalle ya san kalmar ba. Su ne matsugunan ma'aikatan gona da suke bakin hanyoyin ruwa a cikin aikin noman Jazira, wanda ya fara da madatsar Sinnar a 1925, yau kuma ya haura fadan miliyan biyu (fadan ma'aunin gona ne a Sudan, ya ɗan fi eka ɗaya). Mazaunansu akwai Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Darfur, wasu tun kaka da kakanni. Da yawa daga cikin kanabi ba a yi musu rajistar ƙauye ba. A takardar hukuma wurin gona ne ko gefen hanyar ruwa. To mai raba mutane cikin gurabe yana duba takardar amfanin ƙasa, ya ga an rubuta gona, sai ya ba gurbin kaso kaɗan, ya tura mutanen zuwa gari mafi kusa mai kwano da titi. Jimillar gunduma ba ta canza ba, amma mutanen sun tashi daga inda suke. Da irin wannan taswira ake lissafin allurar riga-kafi, da gidan sauro, da inda za a haƙa rijiyar burtsatse, da yawan buhunan agaji. A arewacin Nijeriya sai da aka bi ruga-ruga da ƙauye-ƙauye da hoto da GPS kafin masu allurar shan-inna suka daina tsallake wasu matsugunai.

A 2025 wasu masana na jami'ar Aalto a ƙasar Finlan sun gwada manyan taswirorin nan da wata dabara mai kyau. Sun ɗauko madatsun ruwa 307 a ƙasashe 35, inda aka ƙirga mutanen da aka tasa ɗaya bayan ɗaya saboda biyan diyya, suka kwatanta da abin da taswirorin suka ce akwai a wurin kafin ruwa ya ci shi. Wadda ta fi kusa da gaskiya ta rage kashi 53 cikin 100, wadda ta fi nisa kashi 84. Wasu masanan sun yi musu kan yadda za a faɗaɗa sakamakon zuwa duniya baki ɗaya, kuma musun yana da tushe. Amma cewa ƙauye ne ake cuta wajen rabo, wannan ba baƙon labari ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe taswira a hannu ya tsaya a bakin kambo.

Mu koma ɗaya taswirar, ta ɓarnar muhalli. Wadda ta fi shahara ita ce ta sawun ɗan'adam a doron ƙasa. An fara fitar da ita a 2002, aka sabunta a 2016 da bayanan 1993 da na 2009. Abubuwa takwas ake haɗawa a ba kowane gurbi maki daga 0 zuwa 50: gine-gine, yawan jama'a, hasken dare, gona, makiyaya, titi, layin dogo, da kogin da jirgi yake bi. A lura da na biyun. Yawan jama'a yana cikin kayan miyar tun farko. Saboda haka wanda ya ajiye taswirorin biyu gefe da gefe ya ce ga shi inda mutane suka yi yawa nan ne aka yi ja, bai gano komai ba, abin da aka zuba a tukunya ne ya ɗebo. Kuma gona maki 7 take samu, ko wadda ake zuba wa taki ana juya shuka ce, ko wadda aka tatse har ƙuduji ya mamaye. Taswirar matsin lamba take aunawa, ba lalacewa ba. Su kansu masu ita sun ba da wani sakamako da ba a cika ambata ba: tsakanin 1993 da 2009 jama'ar duniya ta ƙaru da kashi 23, tattalin arziki da kashi 153, sawun kuwa da kashi 9 kacal.

Sudan tana da darasi na musamman a nan, domin a ƙasar nan aka haifi wani adadi da ya zaga duniya. A 1975 wani masani mai suna Hugh Lamprey ya bi arewacin Kordofan da Darfur ta jirgin sama, ya kwatanta abin da ya gani da taswirar tsirrai ta 1958, ya ce hamada ta gangaro kudu kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, wato kimanin kilomita 5.5 kowace shekara. Aka yi ta maimaita adadin a taruka da littattafan makaranta. Inda aka zame shi ne shekarun 1950 shekarun ruwa ne, 1975 kuwa ta biyo bayan babban farin da ya ƙare a 1973. An auna ƙasa mai ƙoshi da ƙasa mai jinya, aka raba bambancin da 17. Da Ulf Helldén na jami'ar Lund a Suwidin ya bi hotunan arewacin Kordofan bai tarar da wannan tattaki ba. A 1991 masanan NASA suka nuna cewa bakin Sahara ya matso kudu kilomita 240 daga 1980 zuwa 1984, sannan ya koma arewa kilomita 110 cikin shekara guda da ruwa ya dawo. Ba muna cewa ƙasa ba ta lalacewa ba ne. Tana lalacewa, amma tabo-tabo, a gefen rijiya, a bakin gari, a gonar da aka gaji, ba kamar rundunar da take tafe a jere ba.

Awon kore da ake yi daga sama ba wuya gare shi ba. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana mayar da wani haske na bayan ja wanda ido ba ya gani. A cire na farko daga na biyu, a raba da jimillarsu, sai a samu lamba tsakanin -1 da 1. Fako yakan ba da wajen 0.1, gona mai duhu 0.6 ko fiye. Girman ɗigon hoto yana da muhimmanci. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. A hoton tauraron Sentinel-2 mai ɗigon mita 10, fadan ɗigo 42 ne. A Landsat mai mita 30 bai kai ɗigo biyar ba. A MODIS mai mita 250 kuwa kusan fadan 15 ne suke curewa cikin ɗigo ɗaya, gona da fako da hanya duk a dame. Ƙa'ida ta farko ita ce a kwatanta wata da wata irinsa, ƙarshen Satumba da ƙarshen Satumba, a guji Yuli da Agusta saboda gajimare, a guji ranar da habub, wato guguwar ƙura, ta tashi. Ta biyu, a ajiye ruwan saman shekarar a gefe. Idan kore ya ragu ruwa ma ya ragu, ba a kama kowa da laifi ba tukuna. Sai ruwa ya dawo shekara biyu ko uku kore bai dawo ba sannan a nemi hannun mutum. Mai son ƙirga itatuwa kuma hoton Fabrairu ko Maris zai nema, lokacin da ciyawa ta bushe. A nan ne gawo, wanda Larabawan nan suke kira haraz, yake fitowa fili, tunda shi da damina yake zubar da ganye ya yi sabo da rani.

Kore ma ba kullum ne alheri ba. Miskit, itacen ƙaya da aka shigo da shi Sudan a 1917 aka kuma yi ta dasawa don tare rairayi, ya mamaye filayen Gash da Tokar da gonakin Halfa Jadida, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a tsakiyar shekarun 1990. Daga sama kore shar yake fitowa duk shekara, taswira ta rubuta farfaɗowa, manomi kuwa yana kuka. Haka zagayayyun gonakin nan na Wadin Sirhan a arewacin Saudiyya, waɗanda suke fitowa kamar faifai a tsakiyar rairayi. Ruwan da ya taru ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru suke sha, wanda ba ya dawowa. Abin da ya sa ke nan Saudiyya ta yanke shawara a 2008 ta janye daga noman alkama a hankali, zuwa 2016. Irin waɗannan faifan yanzu akwai su a arewacin Sudan, ana noma ciyawar dabbobi ana fita da ita ta teku. Taurarin GRACE da aka harba a 2002, suka yi aiki zuwa 2017, sun iya gane raguwar ruwan ƙasa ta canjin nauyi, amma a faɗin ɗaruruwan kilomita. Rijiyar unguwarku sai igiya.

Ta ɗaya gefen kuma akwai alherin da taswira take tsallakewa. Shahararriyar taswirar dazuzzuka ta jami'ar Merilan, wadda ta fito a 2013, itacen da ya haura mita biyar take kira itace, kuma a ɗigon mita 30. Dakwara mai ba da ƙaro, wadda ake kira hashab, da aduwa da magarya da suke tsaye ɗai-ɗai a cikin gona, yawancinsu ba sa shiga lissafi, ko a dasa su ko a sare. Da aka yi amfani da hoto mai ganin rabin mita a 2020, an ƙirga itatuwa biliyan 1.8 a wani yanki na yammacin Sahara da Sahel mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3, inda tsofaffin taswirori suka nuna kusan babu komai. A Maraɗi da Damagaram manoma sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili hekta miliyan biyar ta hanyar sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma ana yi masa aski. Wannan ya faru ne a yankin da ya fi ko'ina cunkoson manoma a Nijar.

Yanzu a dubi inda ba mutane sosai. Noman tarakta na ruwan sama ya fara a Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, ya bunƙasa bayan kafa hukumarsa a 1968, da filaye fadan 1,000 zuwa 1,500 ga mutum ɗaya. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati, ta buɗe hanyar raba ta. Tarakta ba ya son kututture, don haka akan share filin tas. Ana zuba dawa shekara bayan shekara har ƙasa ta gaji a matsa gaba. Doka ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na irin wannan gona ga itatuwa, kashi 5 a gonar ban-ruwa, kuma wannan abu ne da kowa zai iya dubawa a hoton Maris, domin layin itace ba ya ɓuya a baƙar ƙasa. Burtali ma ya tsuke, shanu suka taru a ɗan abin da ya rage, sai a ɗauki hoton wurin a ce makiyayi ya cika kiwo. A taswirar jama'a waɗannan filaye fari fat suke, mai gonar yana birni. Gawayi ma haka. Kilo ɗaya yana cin itace kilo biyar zuwa bakwai a gargajiyance. Ana sara a Sinnar da Shuɗin Nilu da Kordofan, ana dafa abinci da shi a manyan birane, amma jan launin a ƙauye yake sauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zaibar da masu haƙar zinariya suke ƙonawa a hamadar arewa kuwa babu tauraron da yake ganinta, kamar yadda babu wanda ya hango dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Hayaƙin da yake ɗumama duniya shi ma sai an raba da kawuna ake gane shi: ɗan Sudan kusan rabin tan a shekara, mazaunin Saudiyya sama da tan 15, Afirka baki ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙauye ko kambo yana iya yin tasa taswirar da waya biyu da littafi, inda hali ya ba da dama. A fara da izinin sarki ko shehun gari da dattawa, kuma a halin da ake ciki kada a ɗaga waya kusa da shinge ko gada ko barikin kowa, kada a tashi jirgi marar matuƙi. Inda ba kwanciyar hankali a jinkirta. Manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ko ODK tana aiki ba intanet, QGIS ta zana taswira kuma kyauta ce a kwamfuta. A tsaya a ƙofar kowane gida, a fili ba ƙarƙashin itace ko kwano ba, a jira wayar ta nuna kuskuren mita biyar ko ƙasa kafin a danna. A lambar wurin da wayar ta bayar, a rubuta lamba biyar bayan ɗigo, domin ta biyar kimanin mita ɗaya ce, wanda ya tsaya a uku ya yi wasa da mita 111. A kula da jeri, lambar arewa kafin ta gabas. Sinnar tana wajen 13.5 arewa, 33.6 gabas. Wanda ya juya su ya jefa garin cikin Bahar Rum, arewa da Tarabulus ta Libiya, kuma wannan kuskure ya fi kowane yawa a takardun da ake tarawa. Tsofaffin taswirorin safiyo na Sudan kan wani ma'aunin wuri mai suna Adindan aka yi su, waya kuwa wani ma'aunin dabam mai suna WGS84 take bi. Idan ba a juya ɗaya zuwa ɗaya ba, iyaka tana iya gocewa kusan mita 100, ya isa ya sa gonar wani ta hau ta wani. Sinnar da Jazira da Gadarif suna shiyya ta 36 a tsarin UTM, wanda yake raba duniya shiyya-shiyya don awo da mita, Kasala da Bur Sudan ta 37.

Ba dole a shiga kowane gida ba. Idan gidaje 600 ne, a ba su lamba, a jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 10, a shiga wanda ya fito da kowane na goma bayansa, gida 60 ke nan, a fitar da matsakaici a ninka. Kada a zaɓi na bakin hanya don sauƙi, sun fi girma. A ƙirga da tukunya, masu ci daga tukunya ɗaya su ne iyali ɗaya. A yi shafi biyu, wanda ya kwana a nan daren jiya, da ɗan gida da ya tafi cin rani ko karatu. Baƙin da yaƙi ya koro a ba su shafinsu. Mace ce za ta shiga ta tambayi mata, kuma ta tambayi jarirai dabam, ta tambayi ɗan fari dabam, domin uwa takan tsallake shi don kunya, wani magidanci kuma ba ya son faɗin adadin 'ya'yansa saboda baki. A maimaita sau biyu, Maris da Oktoba.

Don muhalli, a zaɓi wurare goma ko sha biyu, a binne dutse a tsakiya, a ja igiya mita 20 a zagaya. A ƙirga kowane itace da sunansa, a auna kaurinsa daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, a ƙirga kututture da toho su ma. A koma a wata ɗaya kowace shekara. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki nesa da bango da itace, a auna ruwan da rula kowace safiya a zubar. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a murabba'in mita, wato lita 4,200 a fadan. Rijiya kuma a auna zurfin ruwanta ranar ɗaya ga wata da asuba kafin a fara ja, da igiya guda, daga alama guda a bakinta. Sunan gari da rijiya da makaranta da asibiti ana iya sa su a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa yake iya ƙara wa bayani, da haruffan Larabci da na boko, domin daga can ƙungiyoyin agaji da masu manyan taswirori suke ɗiba. Sunayen mutane da ƙabilarsu su tsaya a littafin gari. Kuma wannan taswira ba takardar mallaka ba ce. Kada a ja layin iyaka sai maƙwabta suna tsaye, rikicin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a Yuli 2022 kan ƙasa da sarauta bai yi nisan da za a manta ba.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, idan za ku buga irin wannan taswira ku rubuta a ƙarƙashinta wanda ya yi ta, da shekarar ƙidayar da aka gina ta a kai, da girman gurbinta, da watan da aka ɗauki hoton, da kuma ko adadin na ƙasa ne baki ɗaya ko na kowane mutum. In ta duniya ce, ku nemi mai nuna faɗin ƙasa daidai. Tsohon zanen Mercator na 1569 da har yanzu ake bugawa yana nuna Girinlan kusan girman Afirka, alhali Afirka, mai murabba'in kilomita miliyan 30, ta ninka ta sau 14.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan safiyo da malaman gona,
Sinnar da Gadarif, Sudan.